Yadda Na Je Adre Ɗauko Jikata

Tun da na dawo ba a bar ni na sha iska ba. In na fito masallaci, tambaya. In na buɗe rumfa a Kurmi, kafin in gama jera kwalaben turare an tsaya mini a ka. Alhaji Sabo mai jima, wanda rabonsa da wuce Ƙofar Ruwa tun yana da haƙora, shi ne kan gaba: "Malam Kyari, yaya gabas? Yaya mutanenta? Ina kuma abin da ka je ɗaukowa?" To, na gaji da kame-kame. Na sayi littafi mai layi da biro, zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In kun ga kuskure ku yi haƙuri. Aji uku na yi a firamare, shi ma aji ukun sau biyu na zauna shi, don malamai sun ƙi rabuwa da ni.

Ga dalilin tafiyar, saboda waɗanda ba 'yan unguwarmu Jakara ba. Ina da ɗan fari. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san ba a yi. Kakanninmu daga Barno suka zo, amma mun daɗe da shan ruwan Kano, kuma a nan ɗan fari ba a kama sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa fara'a. Ranar da aka yaye shi aka goya shi zuwa gidan yayata a Ƙofar Ruwa, can ya girma. In mun haɗu a lungu ya durƙusa, in ce "madalla" ina kallon katanga, in wuce. Uwarsa, Hajiya Yagana, ta fi ni ma. In ya shigo gaishe ta sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Haka aka yi mana, haka muka yi, kuma ba wanda ya mutu. Wannan magana ta ƙarshe na saba yin ta a majalisa. Yanzu na daina.

Da ya zama mutum sai ya bi masu kai kaya gabas, ya zauna a Jinena ta ƙasar Sudan, ya kafa keken ɗinki, ya auri 'yar can, suka haifi 'ya mace. Ranar sallah yakan bugo waya. In ce "lafiya lau, a gaida mutanen gida," in miƙa wa ƙannensa. Sai yaƙi ya ɓarke a can. Muka yi wata biyu ba labari. Rannan wata tsohuwa ta bugo, da wata irin Hausa ta mutanen da, ta ce ya rasu, matarsa da 'yarsa sun tsallako Chadi, suna sansanin 'yan gudun hijira a wani gari Adre.

Hajiya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Bayan an share makoki ta same ni a zaure ta ce, "Malam, yarinyar nan tamu ce. Ka je ka ɗauko ta. Ni ƙafafuna ba za su kai ni ba, kuma ban san abin da ya rage mini ba." Kafin in ba ta amsa har ta sa an share ɗakin da ke jikin nata.

Daga Kano zuwa Maiduguri wuni guda ne, in ba ku lissafa shingaye ba. A kowane shinge sai a sauka a ɗaga hannu. Na ɗaga hannu a hanyar nan har na ji kafaɗata da ta shekara tana ciwo ta warke. Daga Maiduguri zuwa Gamboru kuwa ba a tafiya sai da rakiyar soja. Kwana biyu muka yi a layi muna jiran a ce a tashi. Da muka tashi, muna tsakiyar daji, tayar wata babbar mota da ke gabanmu ta fashe. Ni dattijon motar na zabga salati da ƙarfi har hulata ta faɗi. Da na waiwaya, yara huɗun da ke bayana babu ko ɗaya a kan kujera. Duk sun kwanta a ƙasa, sun rufe kai da hannu, ba wanda ya yi ko tari. Ƙaramin cikinsu bai fi shekara uku ba. Uwarsu ta ce, "Ku tashi, taya ce." Ta dube ni ta ce, "Baba, yi haƙuri, sun saba ne." Ita ke ba ni haƙuri. A Jakara yaro kamar wannan in ya ji ƙara waje yake fita da gudu ya ga abin da ya faru.

A iyaka Faransanci ya fara. Nawa Faransancin kalma biyu ne, na gaisuwa da na godiya, kuma kafin azahar duk na kashe su. A wani shinge wani mai kaki ya buɗe jakata ya ga 'yan kwalaben turaren da na riƙo na tsaraba. Bai yarda da su ba. Ya buɗe kowace ya sansana, ya ɗiga a hannu, ya shafa a wuya don ya tabbatar. Da ya gama bincike ya sallame ni yana ƙamshi kamar uwar amarya. Ina fata matarsa ta yarda da bayaninsa.

Muka ratsa gefen Kamaru muka kai Kusuri, muka haye gada sai Injamena. Na sauka a gidan wani Alhaji Modu, ɗan uwan maƙwabcina a kasuwa. Mutumin kirki. Aka kawo tuwon gero da suke kira esh, da miyar busasshiyar kuɓewa mai nama, sai shayi wanda sukarinsa ya fi ruwansa yawa. Muna cikin ci sai ga wata 'yar yarinya ta shigo ba sallama, ta haye cinyar mai gidan, ta zura hannu cikin kwanonmu ta ɗauke tsokar da na yi minti biyar ina lallaɓawa zuwa gabana. Na tsaya ina jiran in ji ƙarar mari. Sai ya yi dariya ya goge mata baki da hannun rigarsa. Can wani ya yi sallama daga waje yana kiran "Abu Hawwa!" Mai gidan ya amsa. Na ce, "Alhaji, wace ce Hawwa?" Ya ce, "Ga ta nan tana cin namanka." Na ce, "Ta wajen nawa ce a gidan?" Ya ce, "Ta fari." Sai da tuwo ya sarƙe ni. Wato a can mutum da sunan ɗan farinsa ake kiransa, a titi, da rana tsaka, kuma ya amsa yana murmushi.

Motar Abeshe doguwa ce mai sanyi, kwana ɗaya da wuni. Abokin zamana wani mai rawani ne riƙe da ɗansa. Yaron ya ja masa gemu, uban ya sumbace shi. Yaron ya zubar masa da shayi, uban ya sumbace shi. Da muka wuce Mongo ya tsula fitsari, rabi a kan uban, rabi a kan babbar rigata ta shadda. Uban ya ba ni haƙuri da Larabci, sannan ya sake sumbatar mai laifin. A nan na kammala bincikena na yanke hukunci, a matsayina na mai ilimin aji uku sau biyu: mutanen gabas ba su iya tarbiyya ba. Na ce a raina, gara da na zo, in ceto jikata tun ba ta lalace ba.

Daga Abeshe a bayan a-kori-kura muka ƙarasa Adre. Ba zan ɓata muku takarda da kwatanta sansanin ba. Ku ɗauki unguwannin cikin gari duka, ku cire katangu, ku sa leda da tsumma a madadinsu. Wadda ta tare ni ita ce tsohuwar da ta bugo waya, Hajja Zara. Kakanninta sun bar Kano da ƙafa za su Makka, suka tsaya hutawa a Sudan, har yau ana hutawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne Bakanon? A waya ka fi haka tsawo." Na ce, "Ke ma a waya kin fi haka ƙuruciya." Ta ce, "To, za mu shirya."

A hanya muka wuce wata babbar rumfa cike da yara. Wasu ma'aikatan agaji, manya da su, sun durƙusa a ƙasa suna magana da yara ido cikin ido, an raba takardu da fensir mai launi. Na ce, "Makaranta ce?" Hajja Zara ta ce, "A'a, wasa ake koya musu. Wai magani ne." Na ce, "A garinmu hana yaro wasa ake yi da bulala, nan kuma albashi ake biyan mutum ya koya masa." Na leƙa takardar wani yaro. Ya zana mota da bindiga a kanta, da mutane a kwance, ya bi kowane ɗaya ya shafa masa ja a hankali, kada ya fita layi. Na ja ƙafa muka wuce.

Da muka isa bukkarsu, wani dogon tsoho ya fito, Alhaji Adam, kawun matar ɗana. Ya dafa kafaɗata, ya rungume ni, yana ta kiran "Abu wane! Abu wane!" Ya kama sunan ɗan nawa ƙarara, har sau uku. Na kawar da kai ina kallon wani jaki. Hajja Zara ta zungure ni: "Kai ake kira." Na ce, "Na ji." Ta ce, "To amsa mana." Na ce, "Ba a yi." Tsohon ya sassauta hannunsa daga jikina a hankali.

Matar ta fito, sunanta Ihlas, doguwa, ta rame. A bayanta ga yarinyar, Nafisa, 'yar shekara tara. Da na gan ta sai na yi abin da kowane kaka ke yi a garinmu. Na ce, "Wannan ce? Wannan mai kunnuwa kamar faifai? Ni da na taso tun daga Kano na zaci mutum zan gani. A mayar da ita a kawo mini wata." A Jakara jika sai ta murguɗa baki ta ce, "Kai fa, tsoho mai haƙori uku?" Daga nan an ƙulla abota har mutuwa. Ban san uban ya koya mata Hausa ba. Ta ji duk abin da na ce. Ta ɗaga hannu ta taɓa kunnenta, ta koma bayan uwarta.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo wata siririyar gurasa mai tsami da suke kira kisra. Ihlas ta fara ba da labari, Hajja Zara tana juya mini da Hausa. Ta ce da suka fito gudu, a wuyansa mijinta ya ɗauko yarinyar tun daga Jinena. A hanya suka ga wata tsohuwar maƙwabciyarsu ta faɗi. Ya sauke yarinyar a cikin wani kwari, ya ce su jira shi, ya koma ya ɗauko ta. Suna kallo aka harbe shi. Ba su samu sun binne shi ba. Ihlas tana kuka, Hajja Zara tana kuka, Alhaji Adam da tsufansa hawaye na bin gemunsa bai ko share ba. Sai kowa ya juyo yana dubana.

Jama'a, Allah ne shaidata, a lokacin ji na yi kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Amma ni ɗan cikin gari ne, an haife ni an ce mini uba ba ya nuna komai a kan ɗan fari, ko a ɗaurin aurensa, ko a kan gawarsa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya jiƙan musulmi. Hajja, tambaye su, nan kuwa ana samun damina sosai?"

Hajja Zara ta ce, "Wannan ba zan fassara ba."

Ba ta sha wahala ba. Yarinyar ce ta fassara wa uwarta.

Washegari da hantsi na gabatar da buƙatata. Na yi jawabi mai kyau, har da ɗaga yatsa. Na ce yarinya jininmu ce, dangin uba ke da ita. A Kano akwai gida na ƙasa mai ƙofa, akwai boko da Islamiyya, akwai kakarta tana jira. Alhaji Adam ya saurara har na gama. Ya ce, ta bakin Hajja Zara, "Gaskiyarka. Nan ba mu da komai sai leda da layin abinci. Ba za mu hana ka ba. Amma sai an tambaye ta."

Na ce, "A tambayi wa?"

"Yarinyar."

Na yi dariya, na zaci raha ce irin ta tsofaffi. Tun da nake ban taɓa ganin an tambayi yaro inda zai zauna ba. Uban nata da aka kai shi Ƙofar Ruwa, wa ya tambaye shi? Ni da aka kai ni gidan kawuna ina ɗan shekara biyar, sai da na ga ana ɗaure kayana na sani. Amma ba wanda ya taya ni dariyar.

Ihlas ta yi magana, kanta a ƙasa. Hajja Zara ta fassara mini. "Ta ce mijinta kullum yana cewa in ƙasa ta lafa zai kai su Kano. Amma ya taɓa ce mata bai san yadda sunansa yake a bakin mahaifinsa ba, bai taɓa ji ba. Tana tambaya, laifin me ya yi maka?"

Na ce, "Laifi kuma? Kunya ce. Hajja, ke ai kin sani, gaya musu." Ta yi ƙoƙari, in ba ta haƙƙinta. Ta ce ita ma kakarta haka take yi wa babanta, girmamawa ce, wanda aka fi ji da shi shi ake ɓoyewa. Ta daɗe tana bayani. Alhaji Adam yana gyaɗa kai irin na mai ladabi da aka kawo masa abincin da ba zai iya ci ba.

Sai yarinyar ta fito daga bayan uwarta ta zauna a gabana, ba durƙuso, ba sunkuyar da kai, ido cikin ido. Ta yi magana da Hausar Kano tsantsa, har da yadda 'yan Ƙofar Ruwa ke jan harshe.

"Kaka, da Abbana yana yaro, wane abinci ya fi so?"

Na ce, "Abin da aka ba shi."

"Wane wasa yake yi?"

"Irin na yara."

"Yana da tsoro? Ni ya ce mini da yana ƙarami yana tsoron tinkiya."

Ban san wannan ba. Na ce, "To, ai kin ji."

Ta ƙura mini ido. Ta ce, "Faɗi sunansa."

Hajja Zara ta matso ta yi ƙasa da murya: "Malam Kyari, kalma ɗaya ce. Nan ba Kano ba ne, ba wanda zai kai ka gaba. Faɗa ka tafi da jikarka." Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan yana nan, ni na raɗa masa shi a kunne da bakina, sau ɗayan da na taɓa faɗa ke nan, yana ɗan jariri bai san ana yi ba. Ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Shekara arba'in da wani abu ina danne shi, rannan na ce ya fito ya ƙi. Na ji kaina ina cewa, "Ke ai kin san shi."

Ta ce, "Kakata mace fa, tana faɗa?"

Na ce, "Ita ma ba ta faɗa."

Ta juya ta dubi uwarta, ta sake dubana. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ni da Ummi kullum muna maganarsa. In na je gidanku, da wa zan riƙa yi?"

Ni da ba a taɓa kayar da ni a majalisar Jakara ba, rannan 'yar shekara tara ta kayar da ni. Ta tashi ta koma ta zauna a jikin uwarta.

Na san abin da wasunku za su ce, don an riga an faɗa mini a fuska: yaro ne, da ka kama hannunta ka sa a mota, kafin Maiduguri ta manta. Da na matsa, Alhaji Adam zai ba ni ita, na ga haka a idonsa. Mu ma haka aka yi mana. Amma ba mu manta ba, shiru kawai muka koya, kuma na ga inda shirun ya kai ni. Na bar ta a cikin leda da layin abinci, a inda ake jin harbi daga tsallaken iyaka, saboda can akwai mai kiran sunan ubanta, a gidana mai ƙofa babu. In akwai malamin da zai ce mini na yi daidai ko na yi kuskure, rumfata ba ta ɓuya.

Hajja Zara ta raka ni tasha. Ba ta tsokane ni ba, ni ma ban tsokane ta ba. Hanyar dawowa ita ce dai ta zuwa, sai dai ban ƙara yanke wa kowa hukunci a mota ba.

Na shigo Jakara da la'asar. Hajiya tana zaune a bakin ɗakinta. Ba ni ta duba ba, bayana ta duba. Da ta ga ba kowa, ta ce, "Sannu da hanya," ta sa aka kawo ruwa. Sai da na sha na ajiye ta ce, "Sun hana?"

Na ce, "Ba su hana ba. Ita ta ƙi."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta daɗe tana gyara bakin zaninta. Can ta ce, "Tana kama da shi?"

Na so in ce e, in ba ta ko da wannan. Na nemi fuskarsa a raina in gwada da ta yarinyar. Abin da na samu saman hularsa ne kawai, yana durƙushe a lungu. Na ce, "Ban sani ba, Hajiya. Da ke kika je da kin gane, ke ce uwarsa."

Ta ce, "Ni takalmansa na sani, a bakin ƙofa."